Taswirar wasa da tokin ɗin dodanni: me ya sa gidaje ba sa hawa, kuma yaya ake gyarawa?

Wani ɗan'uwa daga Agege ya aiko da tambaya. Su shida ne suke haɗuwa duk Lahadi suna wasan Dungeons & Dragons, wasan labarin jarumai da dodanni da ake yi a kan taswira, sai biyu daga cikinsu suka koma Kano, wasan ya rabu, wasu a tebur wasu ta intanet. Ya zana taswirar wani kogo a tsohuwar laftof ɗinsa, ya ɗora a Roll20, dandalin intanet da ake buga wasan a kansa, layukan zanensa suka ƙi hawa kan layukan shafin. Wayoyin mutanen Kano sai maƙalewa suke yi. Hotunan dodannin da ya yanka don ɗorawa a kan taswira, waɗanda ake kira tokin, duk sun fito da farin akwati a bayansu. Da ya kai taswirar aka buga masa a takarda kuma, gidajen, wato 'yan akwatunan da layuka suka raba taswirar, suka tsuke, tokin ba ya zama a ciki. Yana tambayar inda ya yi kuskure, da kuma manhajar da ta fi.

Ɗan'uwa, ba manhaja ce matsalarka ba tukuna. Biyu daga cikin abubuwa huɗun nan uwarsu ɗaya, wato ka fara zane kafin ka yanke girman gida. Ta nan za mu fara.

A bugu na biyar na wannan wasa, wanda ya fito a 2014, kowane gida a taswirar faɗa ƙafa 5 ne a cikin labari, a kan tebur kuma inci 1 ne, wato milimita 25.4. A allo ba a san inci ba, fiksil ake ƙirgawa, wato 'yan ɗigon da suke haɗa hoto, kuma kowane dandali da nasa awon. Roll20 yana ɗaukar gida a kan fiksil 70. Foundry VTT yana farawa da 100. Kayan zanen Dungeondraft, wata manhajar zana taswira, an yi su a kan 256. Saboda haka kafin ka ja layi ko ɗaya, ka amsa tambaya biyu: gida nawa a faɗi da tsawo, kuma fiksil nawa a kowane gida. Ninka su, shi ne girman shafinka. Kogo mai gida 30 a faɗi da 20 a tsawo, in na Roll20 ne, 2100 da 1400 ke nan. In kana son ya fi fita tas idan an zuƙo, ninka biyu, 140 a gida, ya zama 4200 da 2800. A Foundry kuwa 3000 da 2000.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru da taka. A ce ka buɗe shafi mai faɗin 2048, domin lamba ce da manhajoji suke yawan kawowa, ka raba shi gida 30. Kowane gida ya kama 68 da ɗan ɗoriya. Roll20 yana jiran 70. Bambancin bai kai fiksil 2 ba, a gida na farko ido ba zai gan shi ba. Amma tara yake yi. Kafin ka kai gida na talatin ya haura fiksil 50, wajen kashi uku cikin huɗu na gida guda. Shi ya sa kusurwar hagu ta sama take zama daidai, ta dama ta ƙasa kuma ta goce gaba ɗaya, kana ja nan can yana kwancewa.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne ka fitar da taswirar babu layukan gida sam, ka bar dandalin ya shimfiɗa nasa. Kada ka sa mata baki ko ado a gefe, domin bakin ma fiksil ne kuma zai tura komai. Ka rubuta awon a sunan fayil, kamar kogon_kura_30x20, saboda bayan wata biyu ba za ka tuna ba. A Roll20 ka fara gyara girman shafi ya zama 30 da 20, ka koma shimfiɗar taswira, wato hawan da yake ƙarƙashin na tokin, kafin ka jefa hoton, sannan ka ba hoton wannan awon. Mutane da yawa suna jefa taswira a shimfiɗar tokin, sai 'yan wasa su riƙa jan ƙasa maimakon jarumansu. In kuma taswirar wani ce ka samo da layukanta a jiki, ka yanke ta daidai kan layin waje ta ɓangare huɗu, ka ƙirga gidajen da yatsa, ka mayar da girmanta adadin gida sau 70.

Sai maganar nauyi. Girman fayil da kake gani a laftof yaudara ne. Idan waya ta buɗe hoto sai ta warware shi, kowane fiksil ya ci bayit 4 a ƙwaƙwalwarta. Taswirar 2100 da 1400 ba ta kai megabayit 12 ba idan an warware. Ita ɗin dai a kan 256 a gida ta zama 7680 da 5120, ta haura megabayit 150, ga burauza da sauran kaya suna nasu cin. Ƙaramar waya ba za ta ɗauka ba, ko ta maƙale ko ta nuna baƙin allo. Ga mutanen da suke shiga ta waya, ka yi ƙoƙari kada kowane ɓangare na hoton ya wuce 4096. Ka ajiye babban kwafi don kanka, ka fitar da ƙarami don wasa. Taswira ba ta buƙatar PNG tunda ba wani wuri da ake so a ga bayansa. Ka fitar da ita JPG a kan inganci 80, ko WebP in dandalin yana karɓa, Foundry yana karɓa. Datar kowa za ta huta. Kuma tunda mutanenka na Kano ta waya suke shiga, ka gwada Owlbear Rodeo. A burauza yake aiki, ba shi da tarkace, ya fi Roll20 jin daɗin taɓawa da yatsa.

Game da manhajar zane, ba sai ka kashe ko sisi ba a farko. Dungeon Scrawl kyauta ne a burauza, cikin rabin awa za ka fitar da kogo mai tsabta, baƙi da fari. Inkarnate yana da kayan ado masu kyau, amma sai da intanet, kuma mafi yawan kayan suna bayan kuɗin wata ko na shekara. Dungeondraft na taswirar faɗa ne, ɗan'uwansa Wonderdraft na taswirar ƙasa, dukansu sau ɗaya ake saya da dala, kuma ba sa neman intanet bayan an sauke. A garin nan da netwok yake yi wa mutum wasa da hankali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Dungeondraft yana jin jiki a tsohuwar laftof idan taswira ta yi girma ko fitilu sun yi yawa. Krita da GIMP kyauta ne ga mai son zana komai da hannunsa. Ko wacce ka ɗauka, ka riƙa adana aiki duk bayan 'yan mintoci, kuma da sabon suna lokaci lokaci, domin fayil ɗin da aka ɗauke wuta yana tsakiyar adanawa yakan lalace ɗungurungum.

Yanzu zanen kansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna ɗaki da awon gaskiya. Ɗakin haya na ƙafa 12 da 12, irin wanda ake kama wa a Agege ko Idi-Araba, bai cika gida biyu da rabi ba a taswira. Ka zuba jarumai biyar da kuraye huɗu a ciki, ba mai motsi, sai dai a tsaya a yi ta sara. Jarumi na yau da kullum yana tafiyar ƙafa 30 a zagaye ɗaya, gida 6 ke nan. Sihirin dunƙulen wuta yana cin ƙafa 20 ta kowane gefe, wato da'ira mai faɗin gida 8. Dogon baka yana harbi daidai har ƙafa 150, gida 30. Da waɗannan lambobi ake auna fili. Ɗakin da za a yi faɗa a ciki kada ya gaza gida 8 da 8, kuma 10 da 12 ya fi. Lungu ya zama gida 2, sai inda ka yi niyyar matse su. Ƙofa gida 1. In dodon da ke ciki mai gida biyu ne, ka tambayi kanka ta ina ya shiga, domin 'yan wasa za su tambaye ka.

Fili kuma kada ya zama fayau kamar filin Idi. Ka sa ginshiƙi ko dutse ko rumbu da za a laɓe, ka sa tudu da mai baka zai so hawa, ka sa kwata ko rami da zai raba hanya biyu, kuma ka ba wurin mashiga fiye da ɗaya. Waɗannan su suke sa 'yan wasa su yi tunani. Tulu ɗari da ka jera a jikin bango ba wanda zai kula da su.

Ka yi aiki shimfiɗa shimfiɗa: ƙasa a can ƙarƙashi, sai ruwa, sai bango, sai kaya, sai inuwa, sai haske. Bango ya fi komai duhu da kauri, yadda daga kallo ɗaya za a san inda ake bi da inda ba a bi. Ƙasa ta zama mai sanyin launi, ba zane da yawa, domin a kanta tokin zai zauna, in ta cika ado sai dodo ya ɓace a ciki. Haske ya fito daga gefe ɗaya a duk taswirar. In ka zaɓi hagu ta sama, kowace inuwa ta faɗi dama ta ƙasa. Inuwa ita ce take nuna tsawo idan ana kallo daga sama, gajeriya ga kujera, doguwa ga ganuwa. Ka yi ta da baƙi mai laushin baki, ƙarfinsa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Idan ta fi haka sai wurin ya zama kamar an zuba baƙin mai.

Wani abu da ake mantawa: ƙofar sirri da tarko ba a zana su a taswirar da 'yan wasa za su gani. Ka fitar da kwafi biyu, naka mai lambobin ɗakuna da alamun tarko, nasu babu. Hazon da dandali yake rufe taswira da shi yana ɓoye abin da ba a kai ba, amma da zarar an buɗe ɗaki, duk abin da ka zana a ciki ya fito.

Taswirar ƙasa kuwa, wadda take nuna masarautu da dazuka, ƙa'idarta daban. A nan ba gida mai kusurwa huɗu ake amfani da shi ba, mai kusurwa shida ne, kuma awon da ya fi daɗin aiki shi ne mil 6 a kowane gida, domin tafiyar yini a ƙa'idar wasan mil 24 ce, gida 4 cif. Ka fara da bakin teku, sai duwatsu, sai koguna, sai garuruwa, a jere haka. Koguna su ne suke tona asirin wanda bai kalli ƙasa ba. Ruwa daga tudu yake gangarowa, ƙananan rafuka suna haɗuwa su zama babba, kamar yadda Binuwai yake haɗuwa da Neja a Lakwaja. Da wuya kogi ya rabu biyu a tsakiyar tafiya ya tafi teku biyu. Inda yake tsattsagewa shi ne dab da bakin teku, kamar yankin Neja Dalta. Tafki yawanci mafita ɗaya gare shi, ko ma babu, kamar Tafkin Chadi da koguna suke zuba masa ba ya fitarwa zuwa teku. Duwatsu a jere suke tafiya, gefen da iskar teku take bugawa ya yi dausayi, bayansu ya bushe. Gari kuma da dalili yake zama: mashaya, mararraba, mashigin kogi, ko dutsen tsaro kamar yadda Kano ta taso a gindin Dala. In ka rasa abin koyi ga birnin cikin ruwa, ka tsaya a gadar Third Mainland ka kalli Makoko, gidaje a kan turaku, kwale-kwale ne hanya. Wannan ya fi kwafar garuruwan Turai da kowa ya gaji da gani. Mai gaggawa yana iya buɗe manhajar Azgaar, kyauta ce, ta haifa masa nahiya guda da koguna da iyakoki, shi kuma ya sauya sunaye ya gyara abin da bai yi masa ba.

Mu koma kan tokin, inda farin akwatin nan ya dame ka. Dalilinsa ɗaya ne cikin uku. Ko ka adana hoton a JPG, wanda bai san wani abu wai shi fili mara launi ba, duk inda ka goge sai ya cike da fari. Ko ka goge bayan hoton a GIMP ba tare da ka ƙara masa tashar alfa ba, wadda ita take barin baya ya huje, sai magogi ya riƙa shafa launin baya maimakon ya huda. Ko kuma ka yi komai daidai, sannan ka tura wa kanka ko abokinka ta WhatsApp a matsayin hoto, shi kuma ya matse shi ya mayar da shi JPG. Tokin da taswira duka a matsayin dokumen ake tura su. Alamar cewa baya ya huje da gaske ita ce ka ga 'yan gidajen nan masu ruwan toka kamar allon dara a manhajar zane.

Girman tokin yana bin girman halitta. Mutum da duk wani matsakaici ko ƙarami gida 1. Babba, kamar doki ko zaki, gida 2 da 2. Ƙato, kamar giwa, 3 da 3. Gawurtacce 4 da 4 ko fiye. Shafin tokin dole faɗinsa da tsawonsa su zo ɗaya, in ba haka ba dandali zai miƙe shi ya cika gida, fuskar dodo ta baje. Ga mai gida 1 a Roll20, 280 da 280 ya isa, sau huɗu na 70 ke nan, yana fita tas ko an zuƙo. A Foundry 400 da 400. Mai gida biyu ka ninka. Tokin mai fiksil 2000 ɓarnar data ce kawai.

Yadda ake haɗa shi a GIMP ko Photopea, wanda yake aiki a burauza: buɗe sabon shafi 280 da 280 mai hujajjen baya. Ɗora hoton dodon, ka ja shi har kai da kafaɗa su cika tsakiya, idanu su ɗan haura rabi. Zaɓi da'ira mai faɗin 260 a tsakiyar shafin, ka juya zaɓin ya kama waje, ka goge. A sabuwar shimfiɗa a sama ka zana zobe mai kaurin fiksil 12 zuwa 16 ya hau bakin yankan, ya rufe duk wani zare zare. Ka bar 'yan fiksil tsakanin zobe da bakin shafi don kada ya gutsure. Fitar da shi PNG. Wanda ba ya son wannan wahala, Token Stamp yana yin duk wannan a burauza cikin minti ɗaya, TokenTool kuma yana yi ba tare da intanet ba. Idan hoton asali a kan farar takarda yake, za ka ga wani farin zare ya bi gefen dodon bayan gogewa. Ka ƙara faɗin zaɓin da fiksil 1 ko 2 kafin ka goge, ya ɗan ci cikin jiki, zaren zai tafi.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka rage tokin ya koma girman farcen babban yatsa, ka ɗora a kan taswirar, ka duba a waya. In ba ka bambance kura da kare a wannan girman ba, 'yan wasanka ma ba za su bambance ba. Shi ya sa hoton dukan jiki ba ya aiki, fuska ake so, mai haske, a kan baya mai duhu ko akasin haka. Launin zobe ma aiki yake yi: ja ga abokan gaba, shuɗi ga jarumai, rawaya ga wanda ba a san matsayinsa ba. Ja da kore kada su zama su ne kaɗai bambanci, akwai masu idon da ba ya raba su. In kuraye shida ne iri ɗaya, ka sa musu lamba 1 zuwa 6 a gindin zoben, don idan an ce an sari ta uku kowa ya san wacce. Akwai kuma tokin da ake zanawa kamar ana leƙen halittar daga sama. Yana da kyau a kan taswira mai ado, amma yana da wuyar ganewa a ƙaramin allo, kuma dole a riƙa juya shi. Ga rukuninku mai zobe ya fi.

Ni a ganina asara ce ɗan Hausa ya cika taswirarsa da dodannin Turawa alhali tatsuniyarmu cike take: dodo da kansa, fatalwa, kura mai magana, Gizo, macijin da ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu. Ka ɗauki lambobin wata halitta daga littafi, ka sauya mata fuska da suna, ba abin da ya karye a wasan. Sai dai a kula da haƙƙin mallaka. Abin da kuka yi don teburinku ba mai bin ku. Ranar da ka ce za ka sayar ko ka baza a intanet, hotunan littattafan Wizards of the Coast ba naka ba ne. A 2023 kamfanin ya saki rubutun ƙa'idojin da ake kira SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, amma rubutu ne aka saki, ban da zane. Shafin game-icons.net yana da dubban alamomi da aka yarda a yi amfani da su in an ambaci mai zanen, kuma da yake baƙi da fari ne masu kauri, suna fita sosai a ƙaramin tokin.

Saura bugawa. Gidajenka sun tsuke ne saboda mai firinta ya bar zaɓin Fit to page, na'ura ta matse taswirar ta shiga takarda. Actual size ake so, ɗari bisa ɗari. Don bugu, fiksil 150 a gida ya wadatar ga taswira, ka saita fayil ɗin a kan 150 a kowane inci, ka mayar da shi PDF, a wannan karon da layukan gida a jiki. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne da 297, idan an cire bakin da firinta ba ya kaiwa za ka samu kamar gida 7 da 11. A3 tana ba da wajen 11 da 16. A1 tana ɗaukar 23 da 33, wato kogonka mai 30 da 20 zai shiga a kwance har da sarari. In A4 kaɗai ke kusa, PosteRazor yana yanka taswira shafi shafi da ɗan baki na mannawa. In babba kake so, Shomolu ce unguwar madaba'a a Legas, can za ka samu masu manyan injina. Ka tafi da rula a aljihu. Ka ce a fara buga ɗan yanki, ka auna gida 10, dole su ba ka santimita 25.4. In sun gaza, kada a ci gaba.

Launi yana duhu a takarda fiye da allo, domin allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Kogon da ya yi kyau a laftof yakan fito baƙi ƙirin. Ka ƙara masa haske da kamar kashi 15 zuwa 20 kafin ka kai. Ledar da ake buga allunan talla a kanta tana jure ruwa da naɗewa, kuma da araha, sai dai tana ƙyalli a ƙarƙashin ƙwan fitila, ƙananan rubutu kuma suna dushewa. Takardar da aka yi wa laminetin ana iya rubutu a kanta da makar allo a goge. Ka guji firinta mai tawadar ruwa in ba za a rufe takardar ba, damshin damina da gumin hannu suna narkar da ita.

Tokin na tebur kuma, ka jera su a A4 a kan fiksil 300 a inci, kowanne da'ira mai faɗin milimita 25, masu gida biyu 50. Shafi ɗaya yana ɗaukar sama da sittin na ƙananan. A buga a kati mai kauri, ka yanka, sannan ka manna kowanne a kan wani abu mai nauyi, domin da an kunna fanka rundunar kuraye za ta tashi sama. Washa ta ƙarfe mai faɗin milimita 25, irin ta masu sayar da noti da kusa, ita ta fi zama daidai cikin gida. Murfin kwalbar lemo ma yana yi, sai dai ya ɗan fi gida faɗi, idan dodanni suka jeru kafaɗa da kafaɗa za su riƙa ture juna. Ka shafa gam a jikin washar, ba a takardar ba, don kada ta jiƙe ta yamutse, ka danne su da littafi mai nauyi su kwana.